Lemon khal a zafin Kaduna: a barbaɗe da sukari, a dafa, ko a jiƙa?

Saura kwana biyu a ɗauki azumin 2024 na yanka abarba biyu manya, na zuba a roba mai murfi, na juye musu sukari daidai yawansu, na rufe na tura ƙarƙashin teburin kicin. Haka na gani a rubuce: a bar 'ya'yan itace cikin sukari kwana biyu ya tsotso ruwansu, sannan a tace a zuba khal. Wanda ya rubuta bai yi ƙarya ba. Sai dai shi yana zaune ne a ƙasar da ake sa rigar sanyi a watan Maris, ni kuwa ina Tudun Wada, kicin ɗina rufin kwano, wuta kuma ko ƙyallinta ba mu gani ba. Daren kwana na biyu na tarar murfin ya yi tozo. Ina ɗagawa ya yi fuss, ga kumfa ta yi layi a gefen robar. Surukata tana tsakar gida kan darduma tana lazimi, ta ɗago ta ce, "Ke 'yar nan, me kike haɗawa ne? Ni fa warin burkutu nake ji." Na ce, "Hajiya, abarba ce ta juya." Ta ce, "To kai ta kwata tun maƙwabta ba su ji ba." Haka abarba biyu da sukari kusan mudu guda suka bi kwata, a lokacin da mutane ke sayen sukari gwangwani-gwangwani saboda tsada.

Tun daga ranar nake gwaji kaɗan-kaɗan, kwalba ɗaya-ɗaya, har na gane cewa a garin nan, kafin a yi maganar wane ɗan itace za a sa, sai an fara yanke shawarar lokacin da khal zai shiga: a farko ko a ƙarshe. Ga wadda ba ta taɓa sha ba, lemon khal abu uku ne, 'ya'yan itace da abin zaƙi da ruwan khal, sai ɗan ganye ko kayan ƙamshi in ana so. Ba a kafa kai a sha shi yadda yake. Madara ake haɗawa, irin yadda masu turare ke cewa madara, in an tashi sha a ɗibi cokali biyu ko uku na cin abinci a tsinka da ruwan sanyi kofi guda. Abin da ya ja ni gare shi kuwa, duk mai yin kunun aya ta san shi: ki tace da hantsi, in babu ƙanƙara kafin magariba ya fara tsami. Zoɓo ya ɗan fi shi haƙuri, amma shi ma ba ya son kwana a waje. Madarar khal kuwa sai dai ta jira ki.

Ba sabon yayi ba ne, ko da yake a Facebook da TikTok da yawanmu muka fara ganinsa. Mutanen Farisa sun daɗe suna haɗa khal da zuma suna kiransa sakanjabin, kuma Ibn Sina, wanda ya rasu a 1037, ya ambace shi a rubuce-rubucensa na likitanci. Har gobe a Iran ana yin sa da na'ana'a, a goga kokwamba a ciki lokacin zafi. Sunan ma da Turawa ke kiransa da shi, shrub, aro ne daga kalmar Larabci sharab. Mu ma khal ba baƙonmu ba ne, ko don hadisin da Muslim ya ruwaito inda Annabi (SAW) ya yabe shi a matsayin mahaɗin abinci. Sai dai mun fi saninsa a shagon magungunan Musulunci da wajen wanke ganyen salak, ba a kofin buɗa-baki ba.

Tsami ne ke riƙe shi. Khal ɗin kanti na ci yawanci kashi 5 cikin 100 ɗinsa asid ne, saura ruwa. Masana abinci suna da ma'aunin tsami da suke kira pH, wanda da lambarsa ta yi ƙasa to tsami ya yi yawa. Sun ja layi a 4.6, ƙasa da nan ƙwayar cutar nan mai haɗari da ke tsira a abincin gwangwani ba ta iya yaɗuwa, shi kuwa khal yana wajen 2.5. Amma duk ruwan da abarba ko mangwaro ya saki, da duk wanda kika ƙara da hannunki, rage wa khal ɗin ƙarfi yake yi. Shi ya sa a ma'aunin da aka saba, kofi ɗaya na yankakken ɗan itace, kofi ɗaya na sukari, kofi ɗaya na khal, ana iya taɓa sukarin amma ba a yi wa khal ɗin rowa.

Hanyar da ta ba ni kunya gaban Hajiya, wato barbaɗewa da sukari, ba zan ci amanarta ba: ita ta fi kowace daɗi. Wuta ba ta taɓa ɗan itacen ba, don haka abarba tana fitowa da ƙamshinta kamar yanzu aka fere ta, launin kuma garau. In kika samu sitiroberi ɗin nan na Jos da ake kawowa lokacin sanyi, ba shi da wata hanya sai wannan, don dafa shi zalunci ne. Haka lemon zaƙi: ki kankare bayan ɓawon sama-sama, ban da farin cikin mai ɗaci, ki murje shi da sukari a bar shi ɗan lokaci, sukarin zai jiƙe da man ɓawon, ƙamshin da ruwan lemon kansa bai kai shi ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne tsakanin yankawa da zuba khal. A wannan tsakanin ɗan itacen ba shi da mai gadi sai sukari, kuma sukari gafalallen mai gadi ne. Ki leƙa robar bayan awa shida za ki ga abin da nake nufi: sukarin ya zame ya kwanta a ƙasa kamar laka, ruwan da ke sama kuma tsararo, yankan abarba na yawo a kai. A wannan tsararon ne yis ɗin da ke jikin ɓawo da wuƙa da iska yake samun gidan zama, kuma zafin Maris da Afrilu, da yakan haura digiri 35 da rana, shi ne irin yanayin da yake so. Abin da yake haifarwa kumfa ne da barasa, ba wani abu ba. Saboda haka wannan hanya ta Disamba da Janairu ce, lokacin da hunturu ya sa kicin ya huce, ko ta gidan da ke da sola firij ba ya mutuwa. In kuwa da zafi kika matsu sai kin yi, to ki manta da kwana biyu. Ki yanka ƙanana, ki ɗan daddanna da bayan ludayi, ki haɗa bayan isha'i, ki juya kafin ki kwanta, da asuba ki zuba khal a kai tun kafin ki tace, shi zai narkar da sukarin da ya kwanta. Ba za ta ba da ruwa kamar ta kwana biyu ba, amma kin tsira da abinki.

Dafawa kuwa hanyar mai sauri ce. Baƙi za su zo shan ruwa yau, ko kin ga gwaba ta fara laushi ba za ta kai gobe ba: ki ɗora ruwa kofi ɗaya da sukari kofi ɗaya, in ya narke ki zuba ɗan itacen, ki rage wuta ya yi minti 10 zuwa 15, ki sauke ya huce, ki tace, sannan ki zuba khal. Kada ki tafasa khal ɗin tare da su. Ƙarfinsa na bin tururi, kuma duk gidan sai ya ɗauki tari. Zafin wutar ya kashe yis ɗin da ya ɓata min abarba, wannan riba ce. Amma an ƙara ruwa kofi guda da sauran hanyoyin ba su da shi, ke nan madarar ta fi tsinkewa, ba ta kai su daɗewa a waje ba. Ni in zan dafa nakan rage ruwan zuwa rabin kofi. Sannan wuta tana sauya ɗanɗano. Dafaffiyar abarba ta koma kamar alawa, mangwaro ya yi kauri kamar kunu, kankana kuwa kada ma ki fara, warin dafaffen kabewa za ki ji. Waɗanda wuta ke yi wa rana su ne masu tauri da busassu: zoɓo, goruba, gwaba, busasshiyar citta, kanumfari, kirfa. Zoɓo da khal ya shiga sai jan nan nasa ya ƙara haske, har ki ji kamar kada a sha.

A nan sai an yi maganar tukunya. Ta dalma irin wadda ake zubawa a Panteka ba ta da na biyu wajen tuwo, amma tsami yana cin alminiyom, ya bar wa lemon ɗanɗanon ƙarfe. Ki nemi tukunyar da ba ta tsatsa, ko samira wadda ba ta ɓantare ba. Ajiya kuma kwalba ce. Kwalbar Bama da aka wanke aka tafasa minti 10 ta wadatar, sai dai murfinta in na ƙarfe ne ki shimfiɗa leda mai tsabta kafin ki rufe, in ba haka ba cikin sati biyu za ki ga tsatsa ta zagaye bakin.

Hanya ta uku ita na tsaya a kai, ita kuma nake ba duk wadda ta tambaye ni daga Maris zuwa faɗuwar ruwa. A juya tsarin ne kawai: khal a farko, sukari a ƙarshe. Ki cika kwalba zuwa rabi ko ɗan fiye da yankakken ɗan itace, ki zuba khal har ya shanye kansu, ki rufe ki ajiye inda rana ba ta kai, kullum ki ɗan girgiza. Tun daga minti na farko ɗan itacen yana cikin tsaro, babu wata tazara da yis zai kutsa. A ɗauke wuta, a kawo wuta, ba ruwan kwalbar. Abarba a zafin nan kwana huɗu zuwa biyar ta ba da abin da ke jikinta. Za ki ga yankan sun koɗe sun yi fari-fari, ruwan ya zama rawaya kamar man gyaɗa. Sai ki tace da ƙyallen tatar koko, kada ki matse da ƙarfi in kina son ya fito garau.

Babbar ribarta ma tana bayan tacewa. Ba dole ba ne ki zuba sukari gaba ɗaya. Tataccen khal ɗin abarba da babu sukari a ciki na taɓa ajiye shi wata biyu a lungun ɗaki, launinsa ne kawai ya ɗan dushe. Daga cikinsa nake ɗibar kofi guda in kaɗa da sukari, abin da za a shanye cikin sati. Ke nan kwalba ɗaya tana iya zama lemon yara mai zaƙi, ta zama na maigida mai tsami-tsami, ta kuma shiga salak in an rasa lemon tsami. Waccan da aka haɗa da sukari tun farko ba ta da wannan sassauci, yadda aka yi ta haka za a sha ta.

Ita ma tana da nata. Ta farko jira: wadda take son sha yau ba tata ba ce. Ta biyu, tana cin khal, don sai ya rufe ɗan itacen ruf, duk yankan da ya leƙo sama ya sha iska shi ne zai yi fumfuna. Ki danne su da ƙaramin kofin gilashi in suna tasowa. Ta uku, ranar da aka tace tana da kaifi, khal ɗin yana riga ɗan itacen isa hanci. In aka haɗa da sukari aka bar ta kwana uku ko huɗu sai ta kwanta, amma duk da haka ba ta kai ta barbaɗe taushi ba. Ni dai na yarda da wannan ragin, tunda na san abin da na sa a kwalba shi zan tarar.

Wane khal? A kasuwa iri biyu za ki fi gani. Farin nan mai kama da ruwa shi ne mai araha, ba shi da wani ƙamshi nasa sai kaifi, don haka ba ya rufe launin zoɓo ko na abarba, amma shi kaɗai yana da zafin baki. Khal tuffa ya fi laushi, yana da ɗan ƙamshin tuffa da ke tafiya da citta da abarba, sai dai kuɗinsa ya ninka na farin, musamman irin na waje mai gurɓi-gurɓi a ƙasa da ake cewa mai uwa. Ra'ayina, zuba mai tsadar nan kofi-kofi a kan abarba almubazzaranci ne. Rabi fari rabi na tuffa shi nake yi, kuma ban taɓa samun wanda ya gane ba. Na dabino da ake samu a shagunan magungunan Musulunci yana da daɗi da goruba da kirfa, amma yana duhunta duk abin da ya shiga. Ko wanne za ki saya, ki juya bayan kwalbar ki nemi abu biyu: lambar NAFDAC, da inda aka rubuta kashi 5 cikin 100, ko aƙalla 4. Wanda aka ɗura a gorar ruwa babu takarda babu komai, ko mai shagon ya rantse miki da ingancinsa, ba ki san ruwa nawa aka ƙara masa ba. Akwai kuma wanda aka yi don goge-goge da wanke-wanke, ya fi na ci ƙarfi, ba na sha ba ne. In mai uwa kika sa, kada ki tsorata in wata rana kika ga wani abu mai santsi kamar fatar kunu ya kwanta a sama. Uwar ce ta sake haihuwa, a cire ta kawai. Fumfuna daban take, tana da gashi-gashi, fara ko koriya ko baƙa. Ita in ta fito a zubar duka, ba a kwashe sama a sha ƙasa.

Wasu za su ce me ya sa ma za a sayi khal, alhali ga ɓawon abarba ana zubarwa? Gaskiya ana yi: ɓawo da ruwa da sukari a kwalba, a ɗaure bakin da ƙyalle, a jira sati huɗu zuwa shida. Na gwada sau ɗaya, ƙananan ƙudajen nan suka mai da kicin ɗina kasuwa. Amma ba su ne suka hana ni komawa ba. Khal ba ya fitowa kai tsaye daga sukari. Sai yis ya fara mai da sukarin barasa, sannan wasu ƙwayoyin bakteriya masu buƙatar iska su mai da barasar asid. Wato abin da Hajiya ta ji warinsa a robata mataki ne da dole a bi ta kansa, kuma zai yi kwanaki a ɗakinki. Malamai sun haɗu a kan cewa giyar da ta juye da kanta ta zama khal ta halatta, inda suka saɓa shi ne in mutum ne ya sa hannu ya juya ta, kuma akwai hadisin Anas a Muslim da ya zo da hani a kan haka. Wannan ba hurumina ba ne, wadda ke son yi ta tambayi malaminta. Abin da ke hurumina shi ne ƙarfi. Kafin a samu khal mai kashi 5 sai ruwan farko ya ɗauki sukari wajen kashi 10 cikin 100, kuma komai ya tafi daidai. Na ɓawo da ake sa wa cokali biyu ko uku na sukari ba ya kusantar haka, kuma ba ki da abin aunawa a gida. Ya yi a salak, ya yi a tsinka a sha a ranar, amma kada ki ba shi amanar ajiyar 'ya'yan itace.

A cikin 'ya'yan itacen da ke cika kasuwar Tasha da Bakin Dogo, abarba ce sarauniya a wannan harka: tana da ƙamshi mai ƙarfi da khal ba ya iya dannewa, ana samunta kusan duk shekara, tana kuma tacuwa ba gardama. Mangwaro ya fi ta wahala. Lokacinsa ne ma ya zo daidai da tsananin zafi, ga shi da arha har ana tallar sa a baro, sai ki ji kamar ki cika kwalabe goma. Irin su Binta suga masu zaƙi suna ba da ɗanɗano, amma in ya nuna lugub tsokarsa narkewa take ta toshe ƙyalle, ki wuni kina jiran ɗigo. Ki zaɓi wanda ya nuna amma da sauran ƙarfinsa, ki yanka manya, ki jiƙa, kada ki matse. Kankana fiye da kashi 90 cikin 100 ɗinta ruwa ne, tana kashe wa khal ƙarfi ba ta ba shi komai. Gara ki markaɗa ta sabuwa ki ɗiga mata madarar na'ana'a a kofi. Tsamiya ban ga amfanin haɗa ta da khal ba, tsami a kan tsami, haƙora ne kawai za su biya. Agwaluma na so ta yi, amma danƙonta ya ɓata min ƙyalle.

Ganye da kayan ƙamshi ba sa tafiya da agogo ɗaya da ɗan itace, kuma a nan mutane da yawa ke ɓata kwalba mai kyau. Na'ana'a kwana ɗaya ko biyu ta isa. In ta wuce haka sai ta yi baƙi, ƙamshin ya koma na jiƙaƙƙiyar ciyawa. Saboda haka a ranar ƙarshe ake sa ta, bayan an wanke ta ta tsane sarai. Ɗaɗɗoya ma haka, kuma ganye biyar ko shida sun ishi kwalba, in ta yi yawa sai ki ji kamar farfesu kike sha. Kanumfari uku, ba cokali ba. Citta ce kaɗai ba ta gajiya, ko sati ta yi ƙara daɗi take. Mu da ake noma ta a jiharmu, daga Kachiya zuwa Kwoi da Kafanchan, da ba ma lissafa ta a kuɗin cefane, sai da cutar nan ta 2023 ta cinye gonaki kuɗinta ya yi tashin gwauron zabo. Tun lokacin na koyi goga ta maimakon yankawa. Ɗan guntu kamar babban yatsa in aka goga ya ishi kwalba guda. Ɗanya ta fi ƙamshi a jiƙo, busasshiya ta fi yaji a dahuwa.

Abin zaƙi kuwa farin sukari ne ba ya shiga sharo ba shanu, yana barin ɗan itace ya yi maganarsa. Mazarƙwaila irin ta wajen Maƙarfi tana ba da wani ɗanɗano mai zurfi da ya dace da citta da goruba, amma sai an narkar da ita a wuta an tace saboda yashi, kuma lemon zai fito ruwan ƙasa. Zuma ita ce asalin sakanjabin, in kin samu ta gaskiya. Kada dai a ba jaririn da bai cika shekara ba. Kuma kada tsamin ya ruɗe ki ki ɗauka babu sukari. Kofi ɗaya na sukari giram 200 ne, yana ba da madara wajen kofi biyu, ke nan cokali biyu na madarar suna ɗauke da kusan cokalin shayi uku na sukari. Ya fi lemon kwalba sauƙi, wanda ƙaramarsa kan kai cokali takwas zuwa tara, amma Hukumar Lafiya ta Duniya tana son babba kada ya wuce wajen giram 50 a rana, cokalin shayi 12 ke nan, har da na shayi da na kunu. Kofi uku a daren azumi sun kusa cinye kason.

Masu tallar khal a intanet sun ɗora masa kayan da ba zai iya ɗauka ba, daga narkar da tumbi zuwa wanke jini. Ni abin sha nake yi, ba magani ba. Abin da ba a musu a kai shi ne asid yana cin haƙori in ana yawan kurɓa, don haka a tsinka sosai, aƙalla kashi ɗaya madara kashi biyar ruwa, a kuskure baki da ruwa bayan an sha, kada a bi shi da buroshi nan take. Mai gyambon ciki ko ƙwannafi ya bar shi. A buɗa-baki ma ba da shi ake farawa ba, sai dabino da ruwa da ɗan kunu sun riga shi. Mai shan maganin ciwon suga ko na hawan jini ya gaya wa likitansa kafin ya mai da shi abin kullum.

To in ke mai firij ce da ba ya mutuwa, ko kuma hunturu ake, ki barbaɗe da sukari ki more. In zoɓo ne ko goruba ko gwaba, ko baƙi na hanya, ki ɗora tukunya, ki kuma shanye cikin kwanaki. Mai son sayarwa ma dahuwa ta fi mata, don yau da gobe ɗanɗanon ɗaya zai riƙa fitowa, sai dai ta tsinka sosai, don yawancin masu saye ba su saba jin khal a lemo ba. Sauranmu da ke sayen ƙanƙara a maƙwabta, jiƙo ne namu. Yanzu haka kwalba biyu ke bayan ƙyauren ɗakina, ɗaya abarba da citta, ɗaya citta zalla. Ta biyun ta Hajiya ce, tunda likita ya hana ta zaƙi. Cokali ɗaya nake sa mata a babban kofi bayan ta ci tuwon dare, babu sukari ko ƙwaya. Kullum sai ta shinshina tukuna, ta kalle ni ta ƙasan tabarau, sannan ta ce, "'Yar nan, ƙara min ruwa."